RAM, Katin Hoto ko SSD: Wanne Za Ka Saya In Skyrim Na Rufe Kansa?

Duk wanda ya lafta wa wasan kwamfuta na Skyrim mod (ƙarin kayan da 'yan wasa ke ƙirƙira su saka wa wasan) ɗari biyu ko uku ya san wannan takaicin: kana fitowa daga ƙofar garin Whiterun na cikin wasan, allo ya ɗan cije, sai wasan ya ɓace ba ko sallama. Nan take zuciya za ta ce maka kwamfutar ce ta gaza, a ƙara mata kaya. Wani lokacin haka ne, amma kafin ka zaro kuɗi ka fara gane irin ciwon.

Katin hoto ya fi komai tsada, kuma a kansa aka fi yin asara. Yana da amfani idan ma'ajiyarsa ce ke cika, wato wasa na tafiya lafiya a cikin ɗaki, da ka fita fili sai ya riƙa ɗingishi. Zanen 4K guda yana cin wurin zanen 2K huɗu, saboda haka kati mai gigabait 8 ba ya daɗewa yake toshewa. Ka fara mayar da zanen ƙananan abubuwa zuwa 2K, don ni dai ban taɓa tsayawa ƙare wa cokalin kan tebur kallo ba. In bai yi ba, nemi kati mai gigabait 12 ko 16, ka bar ruɗin sunan samfuri. Idan kuwa ka ga dutse ko riga sun koma launin shunayya, fayil ɗin zanen ne babu, sabon kati ba zai kawo shi ba.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ta fi sauƙin kuɗi. Daga gigabait 8 zuwa 16 za ka ji bambanci sosai, 32 kuma sai mai tarin mod na fitar hankali. Sai dai Skyrim na asali na 2011 tsarin bit 32 ne, ba ya iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4 ko nawa ka zuba. Mai wannan gara ya sayi Special Edition na 2016, mai bit 64.

SSD, wato faifan ajiya mai sauri, na rage zaman jiran lodi, amma ba ya hana wasa rufewa. In kuma kwamfutar ce gaba ɗaya ke mutuwa, zargi zafi ko akwatin wutarta.

Yawancin rufewar ma ba ta kayan ƙarfe ba ce. In wasa na faɗuwa a wuri ɗaya kullum, wani mod ne ke rigima da ɗan'uwansa. In tun kafin shafin farko ne, ko wani mod ya rasa fayil ɗin da ya dogara da shi, ko SKSE (manhajar da mod da yawa ke dogaro da ita) bai dace da sigar wasan ba, kamar yadda ya faru da mutane da yawa bayan sabuntawar Nuwamba 2021. Akwai kuma iyaka: cikakkun fayilolin mod ba sa wuce 254 a Special Edition, sai a mayar da ƙananan zuwa ESL, nau'in fayil da ba ya shiga wannan ƙidaya. LOOT na jera su yadda ya kamata, Crash Logger na rubuta abin da wasan ke taɓawa lokacin da ya faɗi, duka kyauta. In sun kasa, kashe rabin mod ɗinka ka gwada da fara wasan daga farko, ka sake raba rabin da ke da laifi. Gwaji takwas ya isa a kamo ɗaya cikin 256. Kada dai ka cire mod mai rubutun umarni ka ci gaba da tsohon ajiyarka, yana barin saura a ciki.

Wannan aikin ne ya sa na fi son Mod Organizer 2 a kan Vortex cikin manhajojin sarrafa mod. Vortex ya fi sauƙi ga sabon shiga, amma yana so mod da wasa su zauna a faifai ɗaya, abin lura ga mai shirin sayen ƙaramin SSD. Mod Organizer 2 kuwa ba ya taɓa jakar wasan, kuma za ka iya buɗe jeri na gwaji daban, ka yi ta kashewa da kunnawa, jerinka na ainihi na nan yadda ka bar shi.