Sharhina a kan ɗan kwangilar da ya gyara mana kicin a Malali

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin har yanzu akwai sauran magana tsakaninmu, amma ƙaramin kamfani ne a nan Kaduna da ke karɓar aikin kicin gaba ɗaya, tun daga fasa tsohon har zuwa jan ruwa da wayarin da tayil da kabad. Abin da ya ja hankalinmu gare shi ke nan, saboda maigidana ba shi da lokacin bin birkila da mai famfo da kafinta ɗaya bayan ɗaya. Gidanmu tsohon gini ne, daɓen kicin ɗin ya tsattsage, bututun ƙarfen da ke cikin bango kuma ya yi tsatsa har ruwan farko na safiya yakan fito ja. Kowa ya san inda kuɗin siminti ya kai tun tashin da ya yi a farkon 2024, saboda haka da Injiniya, wato ɗan kwangilar, ya nemi kaso mafi tsoka a matsayin kafin alƙalami domin ya sayi kaya kafin su ƙara tsada, ba mu yi masa gardama ba.

An ce mana aikin zai ƙare kafin ruwa ya sauka sosai, sai ga shi mun kai tsakiyar Agusta muna girki a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Firiji ya koma falo, buhun shinkafa da galan ɗin mai suka koma ɗakin yara, wanke-wanke kuma a baho kusa da tanki. Idan hadari ya taso ana cikin tuƙa tuwo, sai an ɗauke tukunyar gas da kurfoti a guje zuwa baranda. Injin yankan tayil yana tayar da wata farar ƙura mai laushi wadda take ratsa labule ta kwanta a kan gado da cikin kwanukan da aka rufe, kuma tun daga safe har magariba ina cikin hijabi a cikin gidana saboda leburori suna shige da fice. Duk wannan na ɗauke shi da haƙuri, domin wanda ya yarda a fasa masa kicin yana zaune a gidan ya san ba hutu zai yi ba. Gaskiya kuma ranar da suka kwashe kayansu na yi farin ciki ƙwarai: layin tayil ɗin ya miƙe sarai, ƙofofin kabad suna rufuwa a hankali ba ƙara, har na ba ƙanwata da ke Barnawa lambar Injiniya.

Ba a yi nisa ba na fara jin warin danshi duk lokacin da na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki. Daga nan ƙofarsa ta daina rufuwa daidai, sai fentin bangon sito, wanda yake bayan kicin ɗin, ya fara kumbura yana ɓarewa. Tankin sama da a da yake kai mu har washegari ya koma ƙarewa da wuri ba tare da an ƙara amfani da ruwa ba. Na kira Injiniya, ya ce damina ce, wai tsofaffin gidaje suna tsotso ruwa daga ƙasa, in jira rani komai zai bushe. Na sake kiransa, ya ce tankinmu ne ya yi tsayi da yawa. Bayan haka sai ya koma yi mana yawo da hankali, yau yana Zariya, gobe yaransa suna wani aiki a Kawo.

Wanda ya faɗa mana gaskiya shi ne kafintan da ya haɗa kabad ɗin, wani dattijo da ke da shago a Panteka, wanda na kira kawai domin ya gyara ƙofar. Ya durƙusa ya ciro tukwanen, ya danna katakon ƙasa da babban yatsa, sai yatsan ya lume. Ya shafa bangon baya ya ce, “Hajiya, wannan ba ruwan sama ba ne, daga cikin bango yake fitowa.” Ya sa aka rufe duk famfunan gidan aka yi alama a jikin tanki, da gari ya waye ruwan ya sauka ƙasa da alamar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na yi magana a kan wannan tun ranar da aka binne bututun. Koren bututu ne irin wanda ake kira PPR, wanda ba a haɗa shi da gam, sai dai a narka bakinsa da na mahaɗin da injin zafi a cusa su cikin juna, kuma idan zafin bai kai ba haɗin yakan yi kamar ya kama alhali akwai kafa. Shi ya sa masu aikin ƙwarai suke toshe bakunan, su cika layin da ruwa, su bar shi ya kwana a buɗe kafin a yaɓa siminti. Ranar ba wuta, mai famfon ya bar yaron shagonsa da ƙaramin janareta ya tafi wani wurin, birkila kuma yana tsaye da kwaɓaɓɓen siminti yana jira. Na ce, “Injiniya, ba za a gwada ba kafin a rufe?” Ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan bututun ba ya yoyo.” Da aka fasa tayil ɗin daga baya, mahaɗin da ke kan kwana ne yake ɗiga, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, dare da rana.

A nan ne kuma wata maganar ta fito. Mun yi yarjejeniya cewa kabad ɗin sinki za a yi shi da katakon marin mai jure ruwa, amma abin da aka kai wa kafintan MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka danne aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Idan a busasshen wuri yake ba laifi, amma da zarar ruwa ya sami gefensa sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa daidai ko ya bushe. Dattijon ya ce ya yi magana tun a shago, aka ce masa ya yi aiki da abin da aka ba shi. Shi ne ya sake yin ƙasan da katakon da ya dace, ya ɗora shi a kan ƙafafu domin kada ya taɓa daɓe, kuma kuɗin katako kawai ya karɓa. Allah Ya saka masa da alheri, domin a duk aikin nan shi kaɗai ne ya riƙe amana.

Na so in ce kamfanin ya iya aiki, sakaci ɗaya ne ya ɓata masa, amma da na zauna na tuna sauran sai na ga ba haka ba ne. Ɓaraguzan tsohon kicin sun daɗe a ƙofar gida har suka toshe kwata, maƙwabta suka yi mana magana, mu muka biya mai kura ya kwashe. Daɓen bai gangara zuwa magudana ba, sai an kora ruwa da tsintsiya. Tayil ɗin da aka maye gurbin na fashewar ma launinsa ya ɗan fi na farko duhu, saboda ba daga kwali ɗaya suka fito ba, kuma Injiniya ya nemi mu biya kuɗinsa. Maigidana ya ƙi, na kuma kira ƙanwata na ce ta dakata. Cikon kuɗinsu yana hannunmu, ba kuma za mu sake shi ba sai bangon sito ya bushe an sake masa fenti da kuɗinsu.