Lesin ɗin da na kai 'yata don jarrabawar haziƙai ta Suleja

Matan unguwarmu da suka ji na sa 'yata a lesin ɗin shirya jarrabawar haziƙai, tambayarsu ɗaya ce: wurin ya ci kuɗinsa? Amsata ita ce rabi ya ci, kuma rabin nan ma malami ɗaya ne ya riƙe shi. Ba zan kama sunan wurin ba. Irinsu sun yi yawa a Kano yanzu, kuma in kin leƙa ɗaya kusan kin leƙa sauran.

Jarrabawar da ake shirya yaran dominta ita ce wadda hukumar jarrabawa ta NECO ke yi wa 'yan aji shida na firamare don shiga makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, a jihar Neja. Zamanin Babangida aka kawo maganar makarantar, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, ta kuma buɗe a 1990, da nufin a tattaro yara masu baiwa daga kowace jiha gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan ɗaukar nauyin ne ya ja hankalina, don ni atamfa da leshi nake sayarwa a gida, maigidana kuma albashi yake jira. Shugabar makarantar su yarinyar ce ta kira ni ta ce, "Hajiya, 'yar nan taki tana gama aikin lissafi kafin in gama rubuta shi a allo, ki gwada mata Suleja." Daga nan aka yi mini kwatancen lesin ɗin.

Ranar farko aka ce sai an yi mata "gwajin basira" nasu na kansu, N5,000 banda kuɗin wata. Takardu ne da aka buga daga intanet, har da adireshin shafin da aka kwafo su a ƙasan kowace. Zane-zane ne, akwati da da'ira da alwatika, a ce wanne ne zai biyo baya. Bayan ɗan lokaci mai wurin ya fito da murmushi da satifiket mai launin zinare ya ce 'yata haziƙa ce. Na ji daɗi mana, wace uwa ce ba za ta ji ba? Sai da na saba da sauran iyaye a bakin ƙofa na gane kowa yana da irin satifiket ɗin nan a gida. Ban haɗu da ko mutum ɗaya da aka ce wa ɗansa bai kai ba. In an ce ki biya kuɗin gwajin nan, ki ce a bar shi, ko ki biya da sanin kuɗin shiga kika biya.

Wurin kansa ɗakuna biyu ne a saman wasu shaguna, benci da farin allo, fanka ɗaya a kowane ɗaki, janareta kuma sai rana ta take ake tayar da shi. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, wannan bai yi mini ba ko kaɗan. Kuɗin wata N20,000. Asabar da Lahadi ake yi, daga tara zuwa ɗaya, wato daidai lokacin Islamiyya, tunda mu nan Alhamis da Juma'a ake hutu. Sai da na je na roƙi malaminsu na hadda ya mayar da ita ajin yamma.

To, malamin lissafi. Saurayi ne siriri mai takardar NCE, a keke yake zuwa, kuma shi ne dalilin da ban cire ta ba. Wata Asabar na zo ɗaukarta da wuri na zauna a baya. Ya rubuta 2, 6, 12, 20 a allo ya ce me zai biyo baya. Yara suka ɗaga hannu suka ce 30, don tazarar tana tafiya 4, 6, 8, sai 10. Ya ce daidai ne, amma bai goge allon ba. Ya zagaya yana duba littattafai, ya tsaya a kan 'yata, wadda ta cika shafi da ɗigo-ɗigo: layi ɗaya mai ɗigo biyu, layi biyu masu uku-uku, layi uku masu huɗu-huɗu. Ya ce, "Ke, zo ki zana mana wannan." Ta fito tana sunne kai. Da ta gama ya juya ga ajin ya ce, "To lamba ta 100 fa?" Masu bin tazara suka fara ƙirga da yatsa, wasu suka ajiye fensir. Ita ta kalli ɗigonta ta ce 100 sau 101. Wani yaro a benci na gaba ya riga ta faɗin 10,100, malam ya sa aka tafa musu su biyun.

Abin da ya burge ni shi ne yadda yake lura da hanyar da yaro ya bi, ko da amsar ta kuskure. Yana da ɗan littafi da yake rubuta irin wannan. Da na tambaye shi ra'ayinsa game da ita, bai ce mini haziƙa ce ba. Cewa ya yi tana ganin siffar lissafi kafin ta ga lambobin, amma tana da garaje, ba ta karanta tambaya zuwa ƙarshe, kuma in abu ya yi mata sauƙi sai ta yi sakaci. Wallahi haka take ko a gida. Bayanin nan na minti biyar ya fi mini satifiket ɗin zinare amfani nesa ba kusa ba.

Ɓangaren Turanci kuwa hadda ce zalla. Malamar takan raba takarda cike da kalmomi da kishiyoyinsu, sunayen 'ya'yan dabbobi, sunan kukan kowace dabba, a haddace a kawo mako mai zuwa. Ban ga laifinta sosai ba, don tambayoyin shekarun baya suna ɗauke da irin wannan. Amma a nan na ga inda gizo ke saƙa. Yaron nan da ya faɗi 10,100 daga firamaren gwamnati yake, kawunsa mai gyaran babur ne ke biya masa. A lissafi babu mai kama ƙafarsa, har 'yata. Da an zo tambayoyin da ake cewa na auna tunani da kalmomi sai ya zauna shiru, don bai san kalmomin ba. An tambaye shi yaya ake kiran ɗan kyanwa da Turanci. Wannan ai ba basira ake aunawa ba, gidan da ake jin Turanci ake aunawa. Malamin lissafi yakan fassara masa umarnin tambaya da Hausa a hankali, yaron ya warware ta nan take. A zauren jarrabawa babu mai yi masa haka. Balle kuma yaran tsangaya da ke ɗauke da izu 60 a ka, waɗanda ko labarin fom ɗin ba ya isa gare su.

Inda lesin ɗin ya yi ƙoƙari tsakani da Allah shi ne sabawa da jarrabawar kanta. Canki-canka ce, ana cike gurbi da fensir HB a takardar da na'ura ke dubawa, kuma yaron da bai taɓa ganinta ba yana iya tsallake layi ɗaya ya ɓata duk amsoshin da ke ƙasa. Kowane ƙarshen wata suna yin ta gwaji da agogo a gaba. 'Yata a ta farko ba ta gama ba, ta tsaya kokawa da tambaya ɗaya. Suka koya mata ta wuce ta dawo daga baya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne da lokacin rajista ya zo. Mai wurin ya tara mu ya ce a ba shi kuɗi ya cike wa kowa fom, ya ɗora nasa a kai, sannan ya rage murya ya ce wanda ya ƙara wani abu "akwai hanya". Ban ga wata hanya ba, kuma ban yarda akwai ta a hannunsa ba. Ƙanena ya ɗauki hoton yarinyar da takardar haihuwarta ya je kafe, aka cike a shafin NECO, aka buga mana silif, a kuɗin da bai kai na mai wurin ba.

Ni a ganina shekara goma ko sha ɗaya ta yi wuri a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar yini ɗaya. Tsarin Kano ya fi kwanta mini: makarantun kimiyya irin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe tun 1977, sai yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yake zana jarrabawar shigarsu, lokacin ya ɗan ji Turanci, an kuma ga inda ya karkata. Likitoci da injiniyoyi da yawa a garin nan can suka fito, akwai kuma ta 'yan mata a Garko. 'Yan Jigawa su ma suna da tasu makarantar haziƙai a Bamaina, wajen Birnin Kudu, tun zamanin Sule Lamido. Da na kawo maganar waɗannan a lesin, mai wurin bai nuna sha'awa ba. Suleja ce a allon tallansa.

'Yata ba ta samu Suleja ba. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuma daga duk ƙasa suke. Amma ta ci ɗaya jarrabawar ta NECO, wadda ake yi don shiga sakandaren tarayya, da maki mai kyau, kuma na san atisayen agogon nan ya taimaka. Garko muke hange in ta gama aji uku, in Allah ya kai mu.

Wadda ɗanta yake makarantar kuɗi mai kyau, ta sayi littafin tsofaffin tambayoyi a Sabon Gari ta zaunar da shi da agogo a gida, ya wadatar. Wadda kuma za ta kai, watanni uku na ƙarshe sun isa, kada a ce mata sai shekara. Kafin ta biya ta nemi a bar ta ta zauna a ajin lissafi sau ɗaya ta ga ko malamin yana duba littafin yara ko amsa kawai yake karantowa. Na ji an ce malamin namu ya samu gurbin ƙaro karatu zai bar wurin, don haka ta tambaya ko yana nan tukuna.