Kayan gyaran China a jikin tsohon Honda CG125: wanda ya zauna da wanda bai zauna ba

Duk mai tsohon Honda CG125 da ke jingine a zaure yana shan ƙura, in ya yi niyyar ta da shi, tambayarsa ta farko ita ce ko kayan China da suka cika shagunan sifiya na Birnin Kebbi za su yi masa aiki. Da su na ta da na kawuna, wanda ya saya tun Kebbi na cikin jihar Sakkwato, kafin a raba a 1991. A zauren gidanmu na yi aikin, da sufanu da baho da kananzir. Abin da na gani shi ne, kayan da tun asali cinyewa suke yi, irin su ringi da sarƙa da fatar birki, a saye su ba fargaba. Amma abin da ya zo da babur ɗin daga Japan kuma bai karye ba, musamman kabureta, kada a yarda a raba mutum da shi.

Akwai dalilin da ya sa kayan ke shiga. Honda ta fito da CG125 a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake labta wa babur kaya, ana kuma barin baƙin mai har ya zama kwalta. Sai suka yi inji mai sauƙin kai, wanda sandunan ƙarfe biyu ke tura bawul daga ƙasa, ba sarƙar taimin a sama balle ta yi sako-sako. Wannan injin ne masana'antun China suka kwaikwaya, kuma injinansu masu lamba 156FMI faɗin silindarsu ɗaya da na asali, milimita 56.5. Shi ya sa in ka ce wa mai shago "na CG", ba ya ko tambayar shekarar babur.

Fiston da ringi su suka fi faranta mini rai. Silindar kawu ta ci, har farce na maƙalewa a bakin inda ringi ke tsayawa, don haka sai da aka yi mata borin, aka ƙara faɗinta da milimita 0.50. Na fara sayen fiston sannan na kai wa mai borin su biyun tare, don ya yanka daidai da wanda ke hannu, tunda lambar da ke jikin kwali ba kullum take faɗin gaskiya ba. Ringin ya zauna da rata mai kyau, fil ɗin fiston ya shiga da turin babban yatsa, ba guduma. Tun da aka haɗa, salansa bai fitar da shuɗin hayaƙi ba, kuma baƙin mai na nan inda na bar shi a jikin ma'auni.

Gasket kam sai a hankali. Na kan silinda ya yi. Na murfin kuloci takarda ce shara-shara, ramin ƙusa ɗaya ma bai faɗa daidai ba, kuma da injin ya yi zafi sai mai ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Takardar gasket mai kauri na saya na yanka da kaina, magana ta ƙare. Robobin tare mai na giya da na kik, su ba su ba ni matsala ba.

Kabureta ce ta fi cin lokacina, kuma a kanta nake so mai karatu ya tsaya. Ta asali Keihin ce, fetur ya bushe a cikinta ya zama ƙaro ja, har fulot ya manne. Mai shago ya ɗauko mini sabuwa fil a leda, tana sheƙi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Na ɗaura, babur ya tashi a bugu biyu. Amma sulo ya ƙi zama. Da safe sai ya mutu in ba a riƙe totur ba, da rana kuma in injin ya yi zafi sai ya haye da kansa kamar ana tsokanarsa. Na ciro fulogi, baƙi ƙirin da toka, alamar fetur ya fi iska yawa. Da na kwance ta na duba, jet ɗinta, wato ƙusoshin nan masu ɗan rami da fetur ke bi, ba lamba ko ɗaya a jiki, allurar kuma tana rawa a mazauninta. Abin da ba lamba, ta ina za ka san girman da za ka canza masa?

Wani dattijon bakanike da ke bayan layinmu, wanda ya yi zamani da Roadmaster da Vespa, ya leƙo ya ga tsohuwar a cikin baho. Ya ɗaga ta ya juya.

"Ɗana, mi kaka shirin yi da wagga?"

Na ce, "Baba, na ga ta gaji ne."

Ya ce, "Ba ta gaji ba, datti na. Jiƙa ta, ka busa ramukkan da iska. Kak ka sa mata waya, ramin na ƙara faɗi ya lalace."

Haka na yi. Na jiƙa ta, na wanke da buroshi mai laushi, na busa kowane rami da famfon taya har iska ta fito ta ɗaya ɓangaren. Daga cikin ledar kayan gyaran China, roba da allurar fulot kaɗai na ɗauka, na mayar da jet ɗinta na tagulla masu lamba. Sulo ya kwanta lub, bugun injin ɗaya bayan ɗaya, har kana iya ƙirgawa. Fulogi ya koma ruwan ƙasa. Ban ce kowace kabureta 'yar China haka take ba, na ga masu kabu-kabu suna yini da su lafiya. Amma a wannan babur, tsohuwar da aka wanke ta fi sabuwar nesa ba kusa ba.

Wajen wuta, irin na farkon nan bolt 6 ne, da kwantak a cikin maganeto. Kusan duk wanda ya gani sai ya ce in mayar da shi bolt 12 da CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta a madadin kwantak, kuma ba su yi ƙarya ba, ƙwan fitila da batir na bolt 6 sun yi wuya yanzu, sai da na sa aka nemo mini daga Sakkwato. Na bar shi yadda yake saboda so nake ya zama babur ɗin da kawu ya sani. Sabon kwantak ya yi aiki da na saita ratarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, sai dai kondensar da ta zo tare da shi ta sa bakinsa tartsatsi, na mayar da tsohuwar. Wanda zai riƙa hawa kullum da dare, shi kam ya canza zuwa 12, ba laifi.

Abu biyu ba a sayensu a shago, kuma su ne rabin aikin. Ratar bawul milimita 0.08 ce, a kan inji mai sanyi. Sai matatar mai. Mutane da yawa ragar da ke ƙarƙashin babban murfin nan na gefen hagu kawai suka sani. Akwai wata a bayan murfin kuloci, mai juyawa da ƙarfin inji tana tara datti a bangonta. Da na buɗe ta kawu, laka ce baƙa ta daskare, sai da cokali na kankare ta. In ka zuba sabon fiston ka bar wannan, ka yi aikin banza. Soson iska ma, da irin ƙurar hunturunmu, a wanke shi a ɗan shafa masa mai akai-akai, don haka aka yi shi.

Sarƙa 428 da haƙoranta na gaba da baya, fatar birki, boris na ƙafafu, duk sun shiga kuma suna riƙe. Kebur ɗin kuloci ya ɗan yi tsawo, amma ya saitu. Inda kayan suka fi ba ni haushi shi ne duk wani abu mai walƙiya. Salansa da madubi sun fara jan tsatsa a daminar farko, alhali ƙarfen bayan babur da ya haura shekara talatin, da na goge shi da sandifefa mai laushi, sai ya dawo. Da na san haka ƙarfensu yake, kuɗin salansar mai walda zan ba ya toshe tsohon. Tankin ma na ƙi na China, na wanke na asali na kai aka fesa masa ja.

Yanzu babur ɗin na zuwa Kalgo da Jega ya dawo, a zafin bazara ma ba ya canza murya. Ba gudu gare shi ba, sababbin Boxer na wuce mu a hanya, amma yana jan kaya da mutum biyu ba tare da kuka ba. Mai niyyar irin wannan aiki ya tafi shago da tsohon kayan a hannunsa, ya ɗora sabon a kansa a gaban mai shago, ya kuma yi sharaɗin dawowa da shi in bai zauna ba. Ya tanadi abin zare maganeto da soket ɗin ƙusar matatar mai tun kafin ya fara kwancewa, don su biyun nan guduma da kurfi ba sa cire su ba tare da ɓarna ba.