Wasiƙa zuwa gida: yadda na ratsa Turkmenistan a mota da jirgin ƙasa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, a gaida min Inna da yara. Ka ce in ba ka labarin hanyar da na bi daga Mashhad ta Iran zuwa Bukhara. Ƙasar da ke tsakaninsu, wato Turkmenistan, ita zan fi tsayawa a kai, don ba a cika jin ɗuriyarta a wajenmu ba.

Ba ƙasa ba ce da mutum zai saɓi jaka ya faɗa mata. Lokacin da na je, sai wani kamfanin yawon buɗe ido na can ya samo maka takardar gayyata, da ita ake buga biza, kuma da sharaɗin ɗan rakiyarsu na tare da kai daga wannan iyaka har waccan. Namu ya tarbe mu a iyakar Howdan da mota da direba, bayan mun tsallako daga Bajgiran ta Iran ta cikin duwatsun Kopet Dag. Shi ya yi mana rajista da hukuma, shi ya yanki tikitin jirgi, shi ke cewa nan a ɗauki hoto, can a mayar da waya aljihu. Mutumin kirki ne, amma mafi tsokar abin da na kashe a ƙasar, aljihun kamfaninsa ya faɗa. Kuma dala tsaba suke karɓa, katin bankina bai yi min rana ko ɗaya ba.

Ashgabat, babban birnin, fari ne fat. A 2013 kundin Guinness ya ƙirga gine-gine 543 da aka lulluɓe da farin marmara a cikinsa, motocin ma kusan duk farare ne. Tituna ga faɗi ga tsabta, sai dai ba mai talla, ba mai shayi, ba ɗan acaba. Ni dai ban ji zan iya zama a ciki ba.

Ga inda za ka riƙe baki. Lokacin da na bi, litar fetur manat ɗaya da rabi ce (manat shi ne kuɗinsu), robar ruwan sha ta fi ta tsada. Ƙasar tana kwance ne a kan iskar gas, filin Galkynysh da ke lardin Mary yana cikin mafiya girma a duniya, kuma tun 2009 bututu ke kai gas ɗin har Sin. Daga 1993 zuwa 2019 kyauta gwamnati ke ba jama'a wuta da gas da ruwa, yanzun ma kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk inda muka kwana ban ji kukan janareto ba. Na tuna yadda muka kwana da tsadar mai bayan cire tallafi a Mayun 2023, na yi ajiyar zuciya.

Amma kada ka yi saurin cewa sun ji daɗi. Kuɗinsu farashi biyu gare shi. A banki dala ɗaya manat uku da rabi ce tun 2015, a bayan fage kuwa ta ninka haka wajen sau biyar, kuma canjin bayan fagen laifi ne, ba wata Wapa da za ka je a fili. Mai dala ne ke ganin araha. Ma'aikacin da ke ɗaukar albashi da manat, idan ya zo sayen waya ko duk wani abin da aka shigo da shi daga waje, yana ji a jikinsa. Shi ya sa za ka ga layi a shagunan gwamnati masu sayar da man girki da sukari da rangwame.

Daga Ashgabat muka hau jirgin dare zuwa Mary. Taragon ƙirar Sin ne, ɗaki mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ana miƙo maka zanin gado wankakke, ga tukunyar ruwan zafi a ƙarshen tarago don masu shayi, wanda kore suka fi sha. Ba ya sauri ko kaɗan, na Abuja zuwa Kaduna zai bar shi a baya. Inda ya fi namu shi ne ya game ƙasar daga bakin Tekun Kaspiyan har gabas, kuma talaka ne ke cika shi, da buhunansa da 'ya'yansa. Rashawa suka fara shimfiɗa layin a 1880, ya iso Mary, da ake kira Merv a lokacin, a 1886, shekara 25 kafin namu ya shigo Kano a 1911. Wata dattijuwa a ɗakinmu ta kwance ƙullinta ta gutsuro mana gurasar tanderu da yankan kankanarsu mai zaƙi kamar zuma, ba ma jin yaren juna, amma da ta ji "Assalamu alaikum" shi ke nan.

Tsohon birnin Merv yana kusa da Mary, kuma shi ne ya biya ni kuɗin hanyata. A nan kaburburan sahabbai biyu suke, Buraida al-Aslami da Hakam bin Amr al-Gifari, Allah Ya ƙara musu yarda. Garin Abdullahi bin Mubarak ne, wanda Malam yakan ambata mana a karatu. Mongol suka rushe shi a 1221, yanzu sai kufai da ganuwar ƙasa da hubbaren Sarki Sanjar tsaye shi kaɗai. Ɗan rakiyar ya san tarihin sosai, a nan kam ya ci kuɗinsa.

Sauran tafiyar a mota muka yi ta cikin hamadar Karakum, rairayi da raƙuma da shingen 'yan sanda, har Turkmenabat, muka haye Kogin Amu Darya zuwa iyakar Farap.

Shirun da kuka ji daga gare ni kuwa, ba lafiya ce ta gagara ba. An toshe WhatsApp da Facebook da YouTube a ƙasar, intanet ɗin otal ma da ƙyar yake motsi. Sai da na shiga Uzbekistan saƙonninku suka shigo.

Ka faɗa wa Inna ban samo mata dardumar ba. Saƙar hannunsu ta yi suna, ja wur mai ƙananan zane, amma babba ba ta fita daga ƙasar sai da takardar izini, lokaci kuma bai ba ni ba. Zan duba mata a kasuwar Bukhara kafin in wuce Samarkand ziyarar kabarin Imamu Bukhari.