Zaɓen Na'urar Sikiyoritin Mota ga Wanda Zai Ɗaura da Kansa a Kaduna

Duk wanda ya shiga shagunan kayan mota na Oriyapata ko Panteka yana neman abin da jama'a ke kira sikiyoriti, zai tarar da kwalaye iri-iri, kowanne ɗauke da hoton rimot da jiniya, kuma galibi mai shago yakan fara nuna masa wadda ta fi ƙara. A ganina ƙarfin jiniya shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba, musamman idan shi ne zai ɗaura na'urar da hannunsa. Abin da zai fara tantancewa shi ne irin wayarin da ke jikin motarsa, domin wannan kaɗai yana iya fitar da rabin kayan da ke kan kanta daga lissafi.

Tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Camry da Accord na shekarun 1990 suna da sauƙin sha'ani, saboda kowane aiki yana da wayarsa: ta makullin ƙofa daban, ta fitilar sigina daban, ta kik daban. A yawancin Toyota da Honda na wancan zamani, maɓallin da ke jikin ƙofa nagatif yake bayarwa idan an buɗe, kuma da nagatif ake kulle santiral lok, wanda shi ne tsarin da akasarin na'urorin kasuwa suka zo da shi. Sababbin motoci kuwa saƙo suke aikawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa, wato ƙananan kwamfutocin da ke jikin motar, ta kan wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda Amurka ta wajabta shi wajen gwajin lafiyar mota tun daga ƙirar 2008. Masu Peugeot, waɗanda suke da yawa a garin nan albarkacin kamfanin haɗa motoci na Kakuri da ya fara aiki a 1975, su lura cewa 307 da 406 ta ƙarshe-ƙarshe suna da akwatin BSI mai kula da ƙofofi da fitilu, kuma jona masa wuta ta inda bai dace ba yana iya jawo kashe kuɗin da ya ninka na sikiyoritin sau da yawa.

Mafi arha kuma mafi yawa a kasuwa ita ce mai rimot da ke aika umarni kawai. Tana zuwa da ƙaramin akwati da jiniya da na'urar jin jijjiga da ɗan fitila mai ƙiftawa, kuma mutum mai haƙuri zai iya ɗaura ta a tsohuwar mota cikin yini guda. Rauninta shi ne idan ka yi nisa da motar ba za ka san abin da ke faruwa ba. Wanda ya ajiye mota a gefen titi ya shiga cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba zai ji kukanta ba, masu wucewa kuma sun saba da jin jiniyar mota har ba sa waiwayawa. Ta fi dacewa da motar da ke kwana a cikin gida ko a ƙofar gida. Idan za a saye ta, a tabbatar rimot ɗin mai sauya lambar sirri ne a kowane dannawa, domin mai lamba ɗaya tak ana iya kwafe shi da na'ura mai araha.

Ta biyu ita ce mai rimot da ke karɓar saƙo daga motar, ya yi ƙara ko ya girgiza a aljihu idan an taɓa ta, wani ma har ya nuna ƙofar da aka buɗe. Kamfanoni irin su Viper da Compustar da Steelmate duk suna yin irinta. Wajen ɗaurawa bambancinta da ta farko kaɗan ne, sai dai eriya da ake mannawa a saman gilashin gaba. Nisan da ake rubutawa a kwali a fili fetal ake auna shi, don haka tsakanin gine-ginen titin Ahmadu Bello ko cikin cunkoson motocin ranar Juma'a a Masallacin Sultan Bello yakan ragu sosai. Wasu daga cikinsu suna da tayar da mota daga nesa, amma ban ga dalilin da mai koyo zai shiga wannan ba, domin sai an kewaye tsaron makullin da kamfani ya sa, kuma a mota mai giyar hannu akwai hatsari.

Inda ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani da kyau shi ne batun yanke wuta, domin shi ne ke hana motar tafiya. Ana yin sa ne da ƙaramin rile mai ƙafa biyar, wato makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa, wanda lambobin 30 da 85 da 86 da 87 da 87a suke rubuce a ƙasansa. Idan wayar kik aka yanke aka ratsa da ita ta ƙafa 30 da 87a, to motar ba za ta tashi ba muddin sikiyoriti na kunne, amma idan na'urar ta mutu hanya tana nan a haɗe, mai mota ba zai maƙale a hanya ba. Wannan shi ne tsarin da nake ba mai ɗaurawa da kansa shawara a kai, saboda ko da ya samu matsala ba zai kashe injin ana cikin tafiya ba. Aibinsa shi ne mota mai giyar hannu ana iya tura ta ta tashi.

Yanke famfon mai ya fi tsauri, kuma shi ne abin da masu wayarin da dama suka fi so, har da irin wanda ke kashe mota bayan ɗan lokaci idan an ƙwace ta. Amfaninsa a bayyane yake, sai dai haɗarinsa ma ba ƙarami ba ne. Haɗin da bai kamu sosai ba yana iya saki a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja mota na gudu, injin ya mutu, sitiyari ya yi tauri, birki kuma ya yi nauyi bayan an taka sau biyu ko uku. Wanda bai iya liƙa waya da dalma ya rufe ta da kyau ba, gara ya bar wannan ɓangare ga amintaccen mai wayarin, ko da shi ya yi sauran aikin. Ko ma wanne aka zaɓa, wurin da aka ɓoye rile da akwatin ya fi sunan kamfanin muhimmanci, domin ƙarƙashin sitiyari nan ne kowane ɓarawon mota yake fara kai hannu.

Tiraka mai amfani da GPS da layin waya aikinta daban ne: tana nuna inda mota take, kuma da yawa ana iya aika musu saƙo su yanke mai, wasu sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa suke bin umarnin. Ɗaura ta bai da wuya, wayoyi uku ko huɗu ne, amma tana da ɗawainiya. Dole layin ya kasance mai rajista da lambar NIN, dole a riƙa sa masa kati ko data don kada kamfani ya toshe shi, kuma yawancin masu arha 2G kawai suke kamawa, inda babu sabis kuwa sai su yi shiru. A gwada layin a unguwar da motar ke kwana da hanyoyin da take bi kafin a rufe dashbod. Akwai kuma wadda ake sokawa kawai a soket ɗin gwajin lafiyar mota, wato OBD, mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin dashbod, wanda motocin Amurka ke zuwa da shi tun 1996. Ba ta buƙatar yanke waya ko ɗaya, amma yadda aka soka ta cikin sauƙi haka ake zare ta.

Masu saye ba su cika tambayar yawan wutar da na'ura ke sha idan mota na ajiye ba. Wadda ke jan miliamfa 20 tana cinye kusan rabin amfa-awa a rana, wato kusan 14 a wata, alhali batirin ƙaramar mota bai cika wuce amfa-awa 45 zuwa 70 ba. Idan aka haɗa sikiyoriti da tiraka a kan batirin da zafin Maris da Afrilu ya riga ya gajiyar, motar da ba a tayarwa kullum za ta iya wayar gari ba wuta.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe kwalin a gaban mai shago. A duba akwai takardar zanen wayoyi da ake iya karantawa, akwai fiyus a kan jar wayar wuta, akwai maɓallin ɓoye na kashe na'urar idan rimot ya ɓata, kuma wayoyin suna da kauri. A nemi ya jona ta a batir a gwada rimot biyun. Na'urar jin jijjiga ta zama mai abin juyawa na rage ƙarfi, in ba haka ba tsawar damina da wucewar tirela za su hana maƙwabta barci. Jiniya mai batirinta a ciki ta fi, domin tana ci gaba da kuka ko an cire kan batirin mota. A ɗaura ta nesa da zafin salansa, bakinta na kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki.

Wajen gano waya a yi amfani da mitar auna wuta, kada a yi amfani da fitilar gwaji, kuma duk soket ko wayar da aka naɗe da launin rawaya a nisance ta, domin ta jakar iska ce ta kariya. A cire nagatif na batir kafin a yanke komai, a kuma sauke gilashin direba kafin gwajin farko, saboda na'urori da yawa suna kulle ƙofofi da zarar an ba su wuta.

Mai tsohuwar Toyota ko Honda ko Golf da ke kwana a gida, mai rimot ta farko tare da yanke wayar kik ta wadatar da shi. Wanda ke barin mota a kasuwa ko wurin aiki ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai aiko saƙo, matafiyi kuma ya haɗa da tiraka a wani lungu daban da na sikiyoritin. Mai sabuwar mota ko Peugeot mai BSI ya nemi na'urar da takardarta ta ambaci sunan motarsa da shekarar ƙirarta, idan bai samu ba ya tsaya a kan tiraka da ƙarfen kulle sitiyari har sai ya samu.