Fitar da iska daga kuloci: da yaro ko kai kaɗai?

Idan ka taka kuloci ka ji ya yi laushi kamar soso, giya kuma tana ƙara ta ƙi shiga, galibi iska ce ta shiga layin man kuloci. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka ba ya kai wa silindar ƙasa da ke jikin giyabos.

Hanyar da aka saba a garejin Ringim ko Gumel ta mutum biyu ce. Yaro yana ciki, maigida na kwance a ƙasa da sufana. "Buga! Riƙe!" Maigida ya kwance ɗan notin fitar da iska da ke jikin silindar, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin yaro ya ɗaga ƙafa. Nan ne rigimar take: in yaro ya saki da wuri, iska ta koma, aiki ya dawo sabo. Amma tana da sauri, kuma tana korar iska mai taurin kai.

Ta biyun sai haƙuri. Ka cika kofin mai, ka buɗe notin, ka bari ya riƙa ɗiga da kansa har kumfa ta ƙare. Direban da dare ya yi masa a hanyar Maigatari ba karen mota, ita ce gatansa, kodayake wani lokacin ba ta kwashe iskar duka.

Ni dai ta farko na fi so. Kowacce ka ɗauka, man birki DOT 3 ko DOT 4 za ka zuba, ba baƙin mai ba, don baƙin mai yana kumbura robobi. Kada kuma kofin ya ƙafe kana tsakiyar aiki.