In Da So Da Ƙauna ko Alhaki Kuykuyo Ne: wanne yarinya za ta fara karantawa?

Ƙanwata Malama, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce autarku ta ci gasar rubutu a makarantarsu, an ba ta kyautar 'yan kuɗi, kina so ki raka ta ta sayi littafin Hausa na marubutan Kano. Sunaye biyu kike ta ji a bakin manya: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Kina tambaya wanne ya fi, kuma wanne za ta fara. To, in kuɗin sun kai, ta sayi duka biyun, ta fara da In Da So. In kuwa ɗaya kaɗai za su saya, ta ɗauki Alhaki. Na san akwai waɗanda za su taso mini a nan, musamman iyayenmu maza da suka yi samartaka da littafin Malam Ado a aljihu, amma a saurari dalilina tukuna.

Littattafan nan biyu kusan sa'annin juna ne. Alhaki ya fito a 1990, In Da So ya biyo baya a 1991. Marubutan kuma tare suka yi tafiya a ƙungiyar Raina Kama, su da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa da sauransu. Babu wanda ya fito daga ajin adabi na jami'a a cikinsu lokacin da suka fara. Hajiya Balaraba, wadda ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad, tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta nemi karatu a ajin manya. Malam Ado ma da allo ya fara, boko ya same shi da girmansa. Wannan ba abin mamaki ba ne a Kano ta wancan lokaci, domin tun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, mata da 'yan kasuwa da masu sana'a da yawa suka iya karatun Hausar boko. Ga masu karatu sun samu, ga kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, mai buga su Magana Jari Ce, tattalin arziki ya karya masa ƙarfi. Sai matasa suka riƙa rubutawa da kansu, su kai maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, su rarraba wa masu tebur a kasuwa. Malaman jami'a suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, mutanen gari kuma suka ce littattafan soyayya. A tebur ɗaya ake jera su, shi ya sa wanda bai buɗe ba yake zaton duk kanwar ja ce.

Ba haka ba ne. In Da So labari ne na kafin a shafa fatiha. Alhaki kuwa yana buɗewa ne bayan an daɗe da shafa ta, lalle ya goge, kwanukan jere sun tsufa, 'ya'ya tara sun cika tsakar gida.

A In Da So, Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad wanda ba shi da komai sai hali na gari. Ga Abdulƙadir mai kuɗi yana nemanta, kakarta kuma ta kafe a kan shi za a ba. Iyaye ba su iya tsallake maganar tsohuwa ba. Da aka matsa wa Sumayya, sai ta faɗa rijiya. Ba zan ƙara ba, kada in ɓata wa autarku daɗin karatu. Ƙarfin littafin yana cikin zafinsa. Malam Ado bai ɓata lokaci wajen zana gari ko kasuwa ba, zuciyar masoyan ya sa a gaba, ya bar su suna zuba kalamai masu daɗi, irin waɗanda a zamaninmu samari ke kwafewa a takarda mai layi su aika da ƙaramin yaro ya kai zaure. Yarinyar da ba ta saba zama da littafin Hausa ba, wannan ne zai ja ta har ta manta an kira la'asar. Shi ya sa na ce da shi za ta fara. Wanda bai ɗanɗani zaƙin karatu ba, ba a fara masa da mai ɗaci.

Sai dai mutanen cikinsa ba su da faɗi sosai. Na kirki na kirki ne tun daga shafin farko har na ƙarshe, mai kwaɗayi kuma mai kwaɗayi ne. Talaucin Muhammad shinge ne kawai da aka gitta tsakaninsa da masoyiyarsa, ba ka jin nauyinsa a tukunya. Batun rijiyar nan ma, ki zauna da ita ku yi magana a kai bayan ta karanta. Shi ne abin da masu suka suka fi kamawa tun a lokacin, suna cewa ana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Ni ban ɗauka littafi ne ya koya wa kowa faɗawa rijiya ba, auren dole ya riga littafin zuwa duniya, marubucin abin da ke faruwa a unguwanni ya ɗauko. Amma yarinya mai shekara goma sha bakwai tana buƙatar babba a kusa da za ta tambaya.

Alhaki kuwa wani gida ne da kowa a cikinmu ya sani, ko a dangi ko a maƙwabta. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana da rufin asiri, amma iyalinsa ba sa gani a kwano. Rabi ce ke cike giɓin cefane da ɗan abin hannunta. Sai ya auro Delu, mace mai zaman kanta a da, rigima ta tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Daga nan littafin ya bi Rabi, kuma nan ne gwanintar Hajiya Balaraba take. Ba ta tsaya tana yi wa Rabi kuka ba. Ta nuna ta tana neman wurin zama, tana dafa abincin sayarwa, tana haɗa kuɗin makarantar yara, 'yan'uwa suna taimakawa da abin da ya sawwaƙa. Duk macen da ta taɓa tashi kafin asuba ta hura murhu don a samu na kai wa bakin titi, za ta san cewa wadda ta rubuta wannan ba daga nesa take leƙe ba. A In Da So ana maganar kuɗi ne a dunƙule, wane mai kuɗi ne, wane talaka. A Alhaki kuɗi suna da aiki: na hatsi, na haya, na makaranta, na aurar da 'ya mace alhali ubanta yana raye ya juya baya.

Ba wai babu soyayya a ciki ba. Akwai Saudatu, 'yar Rabi, yarinya mai natsuwa da wani mai hali, Alhaji Abubakar, ya gani ya aura. Amma ki lura, shi ma ba wannan ne aurensa na fari ba, kuma marubuciyar ba ta ɓoye rikicin gidansa ba. Wato ko auren da ya zo da alheri a littafin, ba aljanna aka shiga ba, gida ne mai nasa matsalolin. Wannan gaskiyar ce ta sa nake fifita shi.

Wurin da aka ajiye laifi ma ya bambanta. Malam Ado ya ɗora shi a kan tsohuwa mai kwaɗayi da iyayen da suka kasa ce mata a'a, wato rikici ne tsakanin yara da manya. Hajiya Balaraba ta ɗora shi a kan maigida, mutumin da shari'a ta ɗora wa ci da sha da tufafi da muhalli, ya yi watsi da su, gari kuma yana kallo. Ba al'adar waje ta ɗauko ta auna shi da ita ba, da ma'aunin addininsa ta auna shi, ya gaza. Shi ya sa littafin ke da wuyar turewa. Namijin da zai ce wa In Da So shirmen yara ne, in ya karanta Alhaki shiru yake yi, ko ya ce an yi wa maza rashin adalci.

Ƙarshensu ne inda ni da ƙawayena muka fi yin gardama. In Da So yana sallamar mai karatu da farin ciki, ka rufe littafi zuciyarka wasai. A Alhaki, duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya: gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, ya dawo yana neman Rabi. Sai ga dangi da manya sun taru a kanta, a yi haƙuri, a duba yara, uban 'ya'yanki ne. Wasu na cewa marubuciyar ta ja da baya a nan, bayan ta gina mace mai tsayuwa da ƙafarta sai ta mayar da ita inda ta fito. Ni ban gan shi haka ba. Rabin da aka taru a kanta ba ita ce wadda aka kora ba, yanzu ita ke ciyar da gida, kuma kowa ya sani. Sannan Hajiya Balaraba ba ta yi mana alkawarin yadda ya kamata a yi ba, yadda ake yi ta nuna. Haushin da mai karatu ke ji a shafukan ƙarshe, ina ganin da gangan aka bar masa shi. Amma ki tambayi autarku ra'ayinta, 'yan yanzu ba lalle su yarda da ni ba.

Ta fuskar harshe, duka biyun Hausar Kano ce mai sauƙi, ba irin ta Abubakar Imam mai cike da azanci da ban dariya ba. Ta Malam Ado ta fi zaƙi da kwalliya. Ta Hajiya Balaraba ta fi kaifi, musamman in mata suna cacar baki, za ki ji habaici da gugar zana kamar kina laɓe a bayan katanga. Tsofaffin bugu suna da kurakuran ɗab'i, wani wurin ƙ ta zama k, wani wurin kalmomi sun manne. Tunda yarinyar marubuciya ce, ki gaya mata kada ta koyi ƙa'idar rubutu daga nan, ta koyi yadda ake riƙe mai karatu.

Dukansu sun yi tafiya bayan takarda. In Da So ya zama fim a 1994, yana cikin na farko-farkon da suka share wa Kannywood hanya, kuma a 2014 Malam Ado ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Alhaki ma Abdulkarim Muhammad ya mayar da shi fim a 1998, sannan Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga a 2012. Abin dariya, an daɗe ana zargin littattafan nan da kwaikwayon fina-finan Indiya, sai ga Indiyawa suna karanta labarin Rabi. Kuma wannan fassarar ta zo ne bayan 2007, shekarar da aka tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wai suna ɓata tarbiyyar ɗalibai.

In canji ya ragu, ku ƙara da Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na Hajiya Balaraba ne, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu ta nemi ilimi. Ga mai shekarun autarku, wataƙila ma shi zai fi taɓa ta. Sai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito tun 1980, don ta ga cewa mata sun fara wannan rubutu kafin kasuwar ta buɗe.

Batun saye, ku fara da masu littattafai na wajen Bata da cikin kasuwar Sabon Gari. Teburan sun ragu sosai tunda karatu ya koma waya, don haka in ba ku samu nan take ba, ku bar sallahu, masu shagon sun san inda za su nemo. Littattafan wancan zamani kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, wani har na uku, saboda haka ki tambaya ko cikakke ne kafin ki biya. Ki kuma buɗe tsakiya ki bi lambobin shafi, don wani bugun akan tsallake shafuka ko a maimaita su.